Sun tsira daga bindiga, cuta na binsu: lafiyar 'yan gudun hijira daga Shiroro zuwa Suleja

Da an idar da sallar magariba, ƙananan kemis na unguwannin gefen Suleja sukan cika. A irin su Kwamba, Rafin Sanyi da Madalla, mai shago kan gane baƙuwa tun ba ta buɗe baki ba. Mace ce da goyo, jikin yaron ya kwana uku da zafi, idonsa ya faɗa. Ba ta tambayar wane magani ya dace da shi. Takan kwance bakin zane, ta ce a ba ta na ɗari uku.

Maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana uku ne, safe da yamma, kuma sai an shanye shi duka yake aiki. Kuɗinta ba su kai ba, sai a yanko mata ƙwaya biyu, a haɗa da farasitamol, a ƙulle a leda.

In yaron ya tashi, alhamdulillahi. In ya cika cikin dare, kafin hantsi an kai shi. Maƙwabta su yi wa uwar gaisuwa, su ce Allah ya sa mai ceto ne. Sunansa ba zai shiga lissafin waɗanda 'yan bindiga suka kashe ba, ba kuma zai shiga rajistar asibiti ba, tunda bai je ba. Amma da ba a kori iyayensa daga gonarsu ba, da rumbu yana nan, da akuyar da za a sayar a kai shi asibiti tana nan.

Irin wannan mutuwa ita ce ta fi yawa a tsakanin mutanen da rikici ya raba da gidajensu, kuma ita aka fi yin shiru a kanta.

Yadda aka zo nan

Jihar Neja ta fi kowace jiha a Najeriya faɗin ƙasa, kuma dazuzzukanta sun haɗe da na Kaduna, Zamfara da Kabi. Ta nan 'yan bindiga suka malalo cikin ƙananan hukumomin Rafi, Shiroro, Munya da Mariga, har da wasu sassan Paikoro.

A shekarar 2021 duniya ta waiwayo. A watan Fabrairu aka sace ɗalibai da malamai daga kwalejin kimiyya ta Kagara. A ƙarshen watan Mayu aka kwashe yara sama da 130 daga Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina. Tsakanin waɗannan biyu, a watan Afrilu, gwamnan lokacin, Abubakar Sani Bello, ya tsaya a makarantar firamare ta IBB da ke Minna, inda dubban mutane suka fake, ya faɗa wa manema labarai cewa Boko Haram ta kafa tuta a Kaure cikin Shiroro.

Abin bai tsaya nan ba. A Afrilun 2024, bayan wani kwanton ɓauna da aka yi wa sojoji, aka janye dakarun da ke Allawa, mutanen garin suka biyo bayansu da abin da kai zai iya ɗauka. Erena, Kuta, Gwada, Zumba da Sarkin Pawa duk sun karɓi baƙi a lokuta daban-daban, Gwarawa da Hausawa da Fulani da sauransu.

Ruwa ma ya yi nasa korar. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025 ta hallaka mutum sama da 150, ta bar dubbai ba matsuguni. A ƙasa baki ɗaya, waɗanda suka rasa muhalli a cikin gida sun haura miliyan uku.

Makaranta ta zama gida

Wanda ya ji an ce sansani zai zaci tantuna ne a jere da asibiti a tsakiya. A Neja, yawanci makarantar firamare ce, kamar ta Gwada da ta Kuta. An gina ta don yara su zo da safe su tashi da azahar. Ba a gina ta don a kwana, a yi girki, a yi wanka, a haihu a ciki ba.

Aji guda kan ɗauki iyalai da dama. Ana raba shi da zane ko buhu, mata da yara a ciki, maza a baranda ko gindin bishiya. Mai tari yana kwance kusa da jinjiri. Tagogi ba raga, da damina kuma filin makarantar kan zama kwatami.

Ma'aikatan agaji na duniya suna da ma'auni da suka amince da shi: kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 ta ruwa a yini don sha da girki da tsafta, kuma masai ɗaya kada ya wuce na mutum 20. A auna wannan da makarantar da mutum 2,000 suka tare a cikinta. Ana buƙatar masai 100, da lita 30,000 ta ruwa kullum, wato jarka 1,200 mai cin lita 25. Mai karatu ya tuna firamaren unguwarsu, ya ƙirga banɗakinta da famfonta.

Inda masai ya yi kaɗan, bayan aji ya zama masai. Ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi ko rijiyar da ake sha. Daga nan sai gudawa, in ƙaddara ta faɗa kuma kwalara, wadda kan ƙarar da ruwan jikin ƙato cikin sa'o'i. A 2021 kaɗai, an yi zargin mutum sama da 100,000 sun kamu da ita a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, galibi a Arewa.

Cututtukan da ke cin rayuka a irin wannan zama sanannu ne: gudawa, ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro da ciwon haƙarƙari, ga tamowa a ƙarƙashinsu duka. Yaron da yunwa ta rarake ba ya iya jure gudawar da ɗan'uwansa mai ƙoshi zai warke daga ita cikin kwana biyu. Gudawar kuma ta ƙara rarake shi, ƙyanda ta zo ta tarar da jiki ba garkuwa. Mai ƙyanda ɗaya na iya shafa wa mutum fiye da goma da ba su da rigakafi, shi ya sa a sansani ake fara allurar tun daga wata shida har zuwa shekara 15, ba a jira wata tara kamar yadda aka saba.

Darasin da aka saya da rayuka

Abin baƙin ciki shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba a san maganinsa ba.

A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin Bangaon da ke Indiya. Ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari cikin tsaftataccen ruwa, 'yan'uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-macen da suka kai kusan uku cikin goma na masu cutar suka sauko zuwa ƙasa da huɗu cikin ɗari. Wannan shi ne ruwan gishiri da sukarin da ake koya wa mata a wajen awo yau: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta.

A 1994 kuma, dubban ɗaruruwan 'yan Ruwanda suka tsallaka zuwa Goma a ƙasar da ake kira Zayar a lokacin. Ba ruwa mai kyau, ba masai. Cikin wata guda kwalara da atini suka kashe kimanin mutum 50,000. Kunyar abin da ya faru a Goma na cikin dalilan da suka sa ƙungiyoyin agaji suka zauna daga 1997 suka tsara ma'aunan ruwa da masai da aka ambata a sama.

Namu na gida ya fi kusa. A Yunin 2016, ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta samu shiga Bama a jihar Borno, ta tarar da kimanin mutum 24,000 a harabar wani asibiti. Kusan 200 sun rasu cikin wata guda, yawanci da gudawa da yunwa. Ma'aikatan suka zagaya maƙabarta suka ƙirga kaburbura sama da 1,200, kusan 500 na yara ne. Wannan ƙidaya ta kaburbura ita ta tayar da duniya, kayan agaji suka fara shiga.

Wa ke ƙirga mamatan?

Masana lafiya suna da layin da in an ƙetare shi sukan ce an shiga halin gaggawa: mutuwar mutum ɗaya a kullum cikin kowane 10,000, ko yara biyu 'yan ƙasa da shekara biyar cikin 10,000 na sa'anninsu. A Bama ana rasa kusan mutum shida a yini, ya ninka layin fiye da sau biyu.

A sansanin mutum 5,000, jana'iza ɗaya duk bayan kwana biyu ta isa a ce an kai layin. Wanda ke zaune a wurin ba lallai ya ga abin a matsayin annoba ba. Yau tsoho, jibi jariri, gata mai jego. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Sai an rubuta su a littafi ɗaya, da shekaru da abin da ya yi ajali, sannan hoton ke fitowa.

A nan gizo ke saƙar. Muna binne mamaci cikin sa'o'i, kamar yadda addini ya koyar, kuma ƙalilan ne ke zuwa hukumar ƙidaya neman takardar mutuwa. Ko ba gudun hijira, binciken lafiya na ƙasa na 2023 zuwa 2024 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin tara ba ya kai shekara biyar a Najeriya, kuma Arewa ta fi ɗaukar nauyin. Mutuwar yaro ta zama abin da ido ya saba da shi, har ta daina firgita hukuma.

Imani da ƙaddara ba ya hana rubutu. Shugaban sansani da limami da fasto sun san kowace gawa da aka fitar. Littafi ɗaya da biro, da ma'aikacin lafiya da zai zo duk mako ya kwafa ya aika Minna, sun isa su nuna wace makaranta ce ta fara cin wuta kafin ta ƙone.

Suleja, inda ba a ganinsu

Ba a san Suleja da manyan sansanoni irin na Maiduguri ba. Masu zuwa nan sukan narke cikin gari. Wasu a gidan dangi, ɗaki ɗaya mutum takwas. Wasu a kango, bisa sharaɗin su yi gadi. Wasu tun rikicin Boko Haram suka baro Borno da Adamawa, kamar 'yan'uwansu da ke Durumi da Wassa a cikin Abuja. Abin da ke jawo su ɗaya ne: kusanci da babban birni, inda namiji zai samu leburanci ko acaɓa, mace ta samu wankau ko talla a kasuwar IBB.

Garin da kansa masu ƙaura ne suka kafa shi. Bayan jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya yo kudu, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin a 1828. Har gobe sarautar Sarkin Zazzau ake kiranta. Mutanen Suleja ba baƙi ba ne wajen karɓar baƙo, kuma sun karɓa. Sai dai karamci ba ya biyan kuɗin gado a asibiti.

A wasu fuskoki, wanda ke kango a Suleja ya fi na makarantar Gwada shiga haɗari. Na sansani aƙalla an san inda yake. In an kawo gidan sauro ko allurar rigakafi, can ake nufa. Na cikin gari ba ya cikin jerin kowa. Ruwa saye yake yi daga 'yan garuwa, don haka kowace jarka sai an yi lissafi, wanke hannu kuma shi ake fara yankewa. Asibiti yana kusa, ga babban asibitin Suleja ga ƙananan cibiyoyi a unguwanni, amma akwai kuɗin kati, kuɗin gwaji, kuɗin magani, kuɗin keke. Shi ya sa ake zuwa a makare, bayan kemis da jiƙe-jiƙe sun gaza.

Mata masu ciki su suka fi ba da tausayi. Wadda ta gudo ta bar katin awonta a ƙauye, ta bar ungozomar da ta sani, ta bar uwa da 'yan'uwan da za su tsaya mata. Tana naƙuda a ɗakin da ba nata ba. In jini ya ɓalle ko jijjiga ta kama ta da tsakar dare, mintuna ne tsakaninta da kabari, mijin kuma yana lissafin wa zai ranta masa. Najeriya ita ke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya. A ƙarshen 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Shiri ne mai kyau, amma sai mace ta ji labarinsa, ta san asibitin, ta kuma isa can da rai.

Akwai kuma ciwon da ba a gani a jiki: tsohon da maganin hawan jininsa ya yanke, mai tarin fuka da ya katse shan magani a tsakiya, matar da aka kashe mijinta a gabanta ba ta ƙara yin barci sosai ba.

Doka tana nan, kuɗi na ja da baya

A takarda ba a bar su haka ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan kare waɗanda suka rasa muhalli a cikin ƙasarsu, ta kuma fitar da manufar ƙasa a kansu a 2021. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na masu rauni. Jihar Neja na da nata shirin inshora, NiCare, da hukumar agajin gaggawa, NSEMA. Duk damina kuma ana bi gida-gida ana bai wa yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓi wata-wata.

Matsalar ita ce yawancin waɗannan an gina su ne a kan mutumin da ke da mazaɓa, da adireshi, da lambar shaidar ɗan ƙasa. Wanda ya tsere da rigar jikinsa sau da yawa ba shi da ko ɗaya.

Agajin ƙasashen waje kuwa shekara da shekaru ya fi karkata ga Borno, Adamawa da Yobe, su ne jihohin da babban shirin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙunsa. Arewa maso yamma da Neja sun samu ragowa. A 2025 ma ragowar ta ƙara raguwa, bayan Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta tun watan Janairu. Zuwa Yuli, hukumar abinci ta duniya ta yi gargaɗin cewa mutum sama da miliyan ɗaya a arewa maso gabas za su rasa tallafi, cibiyoyin kula da tamowa kimanin 150 kuma za su rufe. A wannan watan MSF ta ce yara sama da 650 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina cikin rabin shekara. Waɗannan su ne suka isa asibiti aka rubuta su.

Abin da ke zuwa sansanonin Neja galibi ziyara ce: tawaga ta zo da buhunan shinkafa da katan na taliya, wani lokaci da likitoci na yini ɗaya. Mai yunwa ba ya raina buhu. Amma gudawa ba ta jiran ranar ziyara, kuma yaro mai tsananin tamowa yana buƙatar haɗin gyaɗa da madarar nan na leda kullum har makonni, da mai auna damtsensa duk mako ya ga ko ya fita daga jan layin haɗari.

Kowa da hujjarsa

Jami'an gwamnati suna da tasu magana, kuma ba duka ne za a watsar ba. Suna ganin kafa sansani na dindindin tamkar sallama wa 'yan bindiga ƙauyuka ne, kuma yana hana yara 'yan gari karatu tunda azuzuwansu aka cika. Burinsu a samu tsaro kowa ya koma gonarsa. Irin wannan tunani ne ya sa gwamnatin Babagana Zulum ta fara rufe sansanonin Maiduguri daga 2021.

Su kansu masu gudun ba su da burin da ya wuce komawa gida. Da yawa ma suna komawa a sace da damina don yin shuka, wasu ba sa dawowa. Abin da suke cewa shi ne, kafin tsaron ya samu, yaransu na buƙatar ruwa da magani yau.

Ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci suna tsakiya. Cibiyar da aka tsara wa jama'ar unguwa ɗaya ta wayi gari da ninki, ma'aikata ba su ƙaru ba, maganin wata kan ƙare cikin mako biyu. 'Yan gari kuma, waɗanda su ma talakawa ne, wani lokaci sukan ji zafi in sun ga an kawo kaya an ce na baƙi ne kawai, alhali rijiyarsu da masansu ake amfani da su.

Wannan ƙorafi na 'yan gari gaskiya ne, kuma akwai inda aka yi masa dabara. Daga 2019 dubban mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi a Nijar. Maimakon a killace su, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar suka zaunar da wasunsu a garuruwa irin su Garin Kaka da Cadakori, aka inganta ruwa da asibiti da makaranta don baƙo da ɗan gari su amfana tare. Baƙon yana da rajista, asibitin kuma ya san yawan mutanen da ke kansa.

Suleja za ta iya yin kwatankwacin wannan ba tare da jiran wata ƙasa ba. Masarautar na da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane kango da wanda ke kwana a ciki. In ƙaramar hukuma ta haɗa kai da su aka rubuta iyalan, sai a miƙa sunayen ga cibiyar lafiya mafi kusa, a shigar da mata masu ciki da ƙananan yara cikin NiCare daga asusun masu rauni, a ƙara wa cibiyar magani gwargwadon yawan da ya ƙaru. Masu rabon maganin zazzaɓi da masu allurar ƙyanda su fita da wannan jerin a hannu kafin ruwan farko ya sauka. A Gwada da Kuta da Erena kuma, kuɗin ziyara ɗaya mai jerin motoci zai haƙa masai da dama, ya gyara rijiyar burtsatsen da ta lalace, ya biya ma'aikacin lafiyar da zai riƙa kwana a wurin.